Yadi Shida Daga Kabad ɗin Kaka

A watan Janairu ko farkon Fabrairu, gab da jarrabawar kammala sakandare, makarantu da yawa a Indiya kan shirya wa ɗalibansu masu fita walimar bankwana. A ranar ce 'yan mata da dama ke ɗaura sari karo na farko a rayuwarsu. Yarinyar da ta shekara goma sha biyu cikin kayan makaranta, a gida kuma ba ta san wata sutura ba sai wandon jins da 'yar riga, sai ka gan ta a bakin ƙofar ɗakin kakarta tana murza yatsu. Idan a birnin Chennai ne, inda ake yaren Tamil, roƙon gajere ne: “Paati, ara mini ɗaya mana.”

Tsohuwa ba ta garaje. Sai ta laluba ƙugunta ta ciro makulli, ta nufi kabad ɗin ƙarfe samfurin Godrej, irin wanda da wuya ka shiga gidan mai rufin asiri a Indiya ba ka tarar da shi jingine da bango ba. Ƙofa na buɗewa ƙamshin kanumfari da busasshen ganyen darbejiya zai gauraye ɗakin. Da su ake korar asu da sauran ƙwari masu cin tufa. Ita darbejiyar ma, wadda ake shan inuwarta daga Maiduguri har Maraɗi, 'yar can ce, a zamanin Turawa aka kawo ta Afirka ta Yamma.

Kowane zane na naɗe cikin farin ƙyallen auduga, sau da yawa tsohon zanen ɗaurin maigida ne da ya sha wanki har ya yi laushi. Kaka za ta riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan gado, kowanne da labarinsa. Wannan ja mai bakin zinariya shi ta ɗaura ranar aurenta. Wancan kore surukarta ce ta ba ta lokacin cikin fari. Mai ruwan ƙwai kuwa da albashinta na farko ta saye shi. Jika ta shigo aron zane na yini guda, amma kafin ta fita ta ji sunan ƙauyen da kakanninta suka baro, da labarin wata goggo da ba ta taɓa gani ba sai a hoto.

Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san sari farin sani. Sun ga Nargis da shi tana noma a Mother India na 1957, sun ga na Sridevi yana kaɗawa a iska a Chandni na 1989, sun ga na Madhuri Dixit mai ruwan makuba a Hum Aapke Hain Koun na 1994. Wanda ke cikin kabad kuwa ba kasafai kyamara ke kai wa gare shi ba. Shi ne wanda ke bin mata uku ko huɗu a gida ɗaya, daga kaka zuwa uwa zuwa jika.

Tufar da ba ruwanta da awo

Abin da ya ba sari wannan tsawon rai abu ne mai sauƙi: ba a yanka shi, ba a ɗinka shi daidai jikin kowa. Yadi ne miƙaƙƙe, galibi yadi shida, wato tsawon turmin atamfa ɗaya, faɗinsa kuma ya ɗan haura mita guda. Akwai mai yadi tara da ake ɗaurawa a jihar Maharashtra da kuma tsakanin wasu iyalai na Tamil. Ita kanta kalmar daga tsohon harshen Sanskirit ta samo asali, ma'anarta tsirin ƙyalle.

Riga idan mai ita ta yi ƙiba ta matse, idan jika ta fi kaka tsawo ta ɗage. Sari babu ruwansa da wannan. Doguwa ta soke kaɗan a ƙugu, gajeriya ta soke da yawa, mai jiki ta rage yawan ninki, siririya ta ƙara. Abin da kawai za a kai wa tela shi ne 'yar rigar da ake sawa a sama, wadda ake kira choli. Shi ya sa zanen da aka saƙa shekara hamsin da suka wuce yake zama wa 'yar shekara goma sha bakwai kamar don ita aka yi.

Saƙar auduga kuwa tsohuwar sana'a ce a yankin. Masu tonon kayan tarihi sun samu ɓurɓushin yadin auduga a kangon birnin Mohenjo-daro, cikin Pakistan ta yau, wanda shekarunsa suka haura 4,000.

Darasin ɗauri

Mallakar zane daban, iya ɗaura shi daban, kuma a nan ne kaka ke zama malama. Za ta tsayar da jikar a gaban madubi, ta fara sa ta ta sa takalmin da za ta fita da shi, domin da tsawon takalmi ake auna inda bakin zane zai tsaya. Sai ta ɗaure mata igiyar fatari tamau, har yarinya ta ce numfashinta zai ɗauke. Kaka ba za ta sassauta ba, don wannan igiyar ce ke riƙe da yadi shidan gaba ɗaya.

Daga nan sai a soke bakin zanen a ƙugu ta gefen dama, a zagaya da shi jiki sau ɗaya. Sai aikin da ke ba sababbin shiga wuya, wato ninkin gaba. Ana kama yadin tsakanin babban yatsa da manuniya, a kai shi gaba a dawo da shi baya, kowane ninki faɗin tafin hannu, har a samu biyar zuwa bakwai. Hannun kaka kan gama wannan tana hira, idonta ma ba ya wurin. Hannun jika kuwa ninki na uku na shiga na farko na zamewa. Idan sun daidaita sai a haɗe su a soke ƙasan cibiya, bakinsu na kallon hagu, tsohuwa ta durƙusa tana jan kowanne daga ƙasa har su jeru kamar shafukan littafi. Ragowar yadin a sake zagayawa da shi, a ratso ƙirji, a yafa a kafaɗar hagu. Wannan jelar da ke lilo a baya ita ce pallu, kuma a kanta masaƙi ke zuba duk gwanintarsa.

Gardama takan tashi a kan fil. Jika na son a maƙala biyar ko shida don kada ta ji kunya a gaban ƙawaye. Kaka na ganin kowane fil rami ne a jikin siliki, ita kuma ta yi girki, ta hau bas, ta yi renon 'ya'ya, duk ba tare da ko ɗaya ba. Akan sasanta a kan biyu, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ninki.

Wannan salon da duniya ta fi sani ana kiran sa nivi, kuma yaɗuwarsa ba ta daɗe kamar yadda ake zato ba. A 1864 wata 'yar Bengal mai suna Jnanadanandini Devi ta bi mijinta Satyendranath Tagore zuwa Bombay, birnin da yau ake kira Mumbai. Shi ne Ba'indiye na farko da ya shiga sahun manyan ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka, kuma yayan mawaƙi Rabindranath Tagore. A lokacin matan Bengal na ɗaura zane ba riga ba fatari, abin da ya dace da zaman cikin gida amma bai dace da shiga taro ba. Ta lura da yadda matan al'ummar Parsi ke ɗaura nasu da riga a ciki, ta ɗauka ta gyara, ta mayar da jelar kafaɗar hagu domin hannun dama ya samu sakewa. Da ta koma gida ta koya wa wasu matan, salon ya bazu.

Sai dai ba kowace kaka ce ke koyar da nivi ba. Masaniyar tufafi Rta Kapur Chishti ta tattara salon ɗauri har 108 daga sassan ƙasar. A Gujarat jelar ta baya take zuwa ta sauko gaba ta kafaɗar dama, yadda adonta zai fito a ƙirji. Matan Kodagu a jihar Karnataka a baya suke yin ninkinsu. Mai yadi tara na Maharashtra akan ratsa shi tsakanin ƙafafu a soke a baya, ya koma kamar wando, mace ta yi aikin gona ko ta ɗauki kwandon kifi ba abin da zai harɗe ta. Tsofaffin matan Bengal kuma a bakin jelar suke ƙulle makullan gida su wurga a kafaɗa, duk inda uwargida ta gifta ana jin ƙararsu. Wanda ya san kan abin, daga ɗauri kawai zai gaya maka yankin da mace ta fito, wani lokaci har da al'ummarta.

Yadda ake karanta zane

Darasi na biyu shi ne sanin abin da ke hannu. Jan zanen auren da kakar Chennai ta fito da shi, mai yiwuwa saƙar Kanchipuram ce, wani tsohon gari mai tazarar kimanin kilomita 70 daga birnin. Silikinsa daga jihar Karnataka ake kawowa, zaren adonsa mai walƙiya kuma, wanda ake kira zari, daga birnin Surat na Gujarat. Zarin gaske siririyar wayar azurfa ce da ake naɗawa a kan zaren siliki, sannan a yi mata ruwan zinariya. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, fiye da rabinsa azurfa ne, zinariyar kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa zane ɗaya yakan kusa kilo guda, yarinya ta ɗaga ta ce wannan ai bargo ne.

Kaka za ta juya bayan zanen ta ɗora yatsan jikar a inda launin tsakiya ya haɗu da launin gefe. Akwai ɗan tudu mai kama da haƙoran zarto. Wannan ita ce alamar korvai: tsakiya da ƙoshiyarta, gefe biyu kowanne da tasa, ana sarƙe zarurrukan da hannu layi bayan layi, abin da kan sa sai mutum biyu sun zauna a masaƙa ɗaya. Haɗin yana da ƙarfin da ko zanen ya tsufa ya yage, da wuya ya rabu ta nan. Zane-zanen jikinsa ma kowanne da sunansa, akwai ɗawisu, akwai mangwaro, akwai jerin kusurwoyi masu kwaikwayon hasumiyar wuraren bauta na kudancin ƙasar.

Akwai gwaje-gwajen da tsofaffi suka sani tun kafin gwamnati ta fito da tambarin shaida. A zare silin zare ɗaya daga bakin yadi a kusantar da shi ga wuta: siliki na gaske zai yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri. A kankare zari da farce: idan jan siliki ya leƙo daga ciki, alama ce mai kyau.

A arewacin ƙasar sunan da ke bakin kowace amarya shi ne Banarasi, saƙar birnin Varanasi da ke gaɓar kogin Ganga. Birnin na daga cikin wurare mafi tsarki ga mabiya addinin Hindu, amma akasarin masaƙansa Musulmi ne da ake kira Ansari, mazauna unguwanni irin su Madanpura. Furanni da rassan da ke jikin saƙarsu gadon zamanin sarakunan Mughal ne. Wani zanen mako biyu ya isa, wani mai cikakken ado sai ya ci wata shida a kan masaƙa. Amaryar Hindu da ke zagaya wutar ɗaurin aure cikin jan Banarasi, sau da yawa hannun da ya saƙa mata shi da alwala ya fara aikin safiyar.

Kakar uwa da kakar uba

Bahaushe kalma ɗaya gare shi, kaka, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Harsunan Indiya da dama sun raba. A Hindi mahaifiyar uba dadi ce, mahaifiyar uwa nani. A Telugu akwai nanamma da ammamma, a Bengali thakuma da dida. Rabon bai tsaya a suna ba, kowace da aikin da al'ada ta ɗora mata, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar yankin Punjab.

A can akwai ɗinkin hannu da ake kira phulkari, ma'ana aikin fure. Ana yin sa a kan saƙin auduga mai kauri, galibi ja, da zaren siliki marar murɗi mai sheƙi. Mai ɗinki ta bayan yadin take aiki, ba zane ba alli, tana ƙirga zare ɗaya-ɗaya, adon yana fitowa ta fuskar da ba ta kallo. Idan ɗinkin ya rufe yadin ruf har ba a ganin ƙasansa, sunansa bagh, wato lambu.

A al'adar da, ana haihuwar 'ya mace kakarta ta wajen uwa za ta fara mata wani babban mayafi ja mai adon ruwan zinariya da ake kira chope, ɗinkinsa iri ɗaya ciki da waje. Da shi za a lulluɓe yarinyar a hidimar aurenta. Idan namiji ne, kakarsa ta wajen uba ce za ta fara vari da bagh, wanda za a ba matar da zai aura, matar da a lokacin wataƙila ba a ma haife ta ba. Aikin kan ɗauki shekaru, ana yi ana ajiyewa tsakanin girki da tatsar nono. Masu ɗinkin sukan bar wani ɗan wuri da gangan da launin da bai dace da sauran ba, don kau da kambun baka.

Matan Sikh da Hindu da Musulmi duk sun yi wannan ɗinki. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, layin iyaka ya tsaga Punjab gida biyu, miliyoyin mutane suka bar gonaki da gidaje da abin da za su iya ɗauka a ka. A gidan tarihin rabuwar da aka buɗe a birnin Amritsar a 2017, akwai akwatuna da tufafin da 'yan gudun hijira suka tsallako da su, ciki har da aikin phulkari. A iyalai da yawa mayafin kaka shi kaɗai ya rage daga garin da ke ɗaya gefen iyakar.

A kudu kuma matakala ake bi. Ƙaramar yarinya na sa dogon siket na siliki da riga, wanda Tamilawa ke kira pattu pavadai. Idan ta balaga akan yi mata biki, dangin uwa su kawo mata rabin sari, wato siket da riga da ɗan gyale mai ratsa ƙirji, kafin daga bisani ta kai ga cikakken yadi shida. Yara maza ma ba a bar su a baya ba, domin farin zanen maza da ake kira dhoti ko veshti shi ma ba ɗinki gare shi ba, kuma a wasu iyalan Telugu akan yi wa yaro bikin ɗaura shi na farko.

Dukiyar da mace ke da iko da ita

Akwai dalilin da ya sa gadon mata a Indiya ya fi bin hanyar tufafi da gwal. Shekaru aru-aru gona da gidan gado a iyalan Hindu ta hannun 'ya'ya maza suke bi. Sai a 2005 aka gyara dokar gado ta ba 'ya'ya mata a faɗin ƙasar haƙƙi daidai da na maza a dukiyar kakanni. Abin da mace ta samu kyauta kuwa, kafin aure ko lokacinsa ko bayansa, ana kiran sa stridhan, dukiyar mace, kuma a 1985 Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar cewa nata ne ita kaɗai, miji ko danginsa ajiya kawai suke yi idan yana hannunsu. Don haka idan tsohuwa ta ce kore na wance ne, ja na wance, ba mai ja da ita.

Launi ma na da hannu a ciki. A al'adar Hindu ta da, musamman a arewa da Bengal, macen da mijinta ya rasu takan ajiye kaya masu launi ta koma farin zane har ƙarshen rayuwarta. Al'adar ta yi sauƙi ƙwarai a birane, amma har yanzu akwai tsofaffin da ke ganin ja da zinariya sun wuce su. Zannuwansu na ƙuruciya sai su zauna a kabad suna jiran jikoki su girma.

Manyan gidaje ma haka suke yi. Lokacin da Indira ta auri Feroze Gandhi a garin Allahabad a watan Maris na 1942, zanen da ta ɗaura na auduga ne mai ruwan hoda, daga zaren da mahaifinta Jawaharlal Nehru ya kaɗa da hannunsa a gidan yari. A zamanin, kaɗi da sa saƙin gida wani ɓangare ne na gwagwarmayar da Mahatma Gandhi ya jagoranta ta ƙaurace wa yadin masaƙun Ingila. Wannan zanen dai shi surukarta Sonia ta ɗaura a nata auren a 1968. A watan Nuwamba na 2024, da Priyanka, jikar Indira, ta je rantsuwar zama 'yar majalisa mai wakiltar Wayanad ta jihar Kerala, farin sari mai bakin zinariya irin na Kerala ta ɗaura, jaridu suka yi ta jera hotonta da na kakar.

Masoya fim kuma za su tuna auren Kareena Kapoor da Saif Ali Khan a 2012. Kayan da amarya ta fito da su na gidan sarautar Pataudi ne, irin shigar amaren Musulmin arewacin Indiya mai buɗaɗɗen wando da riga da babban mayafi. Kakar ango, Sajida Sultan ta gidan sarautar Bhopal, ita ta fara sa su a 1939, mahaifiyarsa Sharmila Tagore ta sa a nata auren, sannan mai tsara tufafi Ritu Kumar ta sabunta su domin Kareena.

Bayan zane ya tsufa

Ba kowace kaka ce ke da siliki ba. Mafi yawan matan karkara na auduga suke ɗaurawa, su wanke su shanya har ya koɗe. Amma ko a nan jika na da rabo. A Bengal, ɓangaren Indiya da na Bangladesh, tsofaffi kan shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyar ko shida a kan juna, su zare zaren launi daga gefensu, su bi su da ƙananan ɗinki layi-layi har su zama ɗan bargo mai laushi da ake kira kantha. Jariri na faɗowa a cikinsa ake naɗe shi. Wasu sukan yi masa adon kifi da furen ruwa da giwaye, aikin watanni. A kudancin Indiya kuma tsohon zanen auduga ake ratayawa a jikin azara ya zama lilon da jariri ke barci a ciki.

Har likitoci sun ga amfaninsa. A wani bincike da masaniyar ƙwayoyin cuta Rita Colwell da abokan aikinta suka gudanar a yankin Matlab na Bangladesh, wanda aka wallafa a 2003, an koya wa matan ƙauyuka su ninka tsohon sari sau huɗu su tace ruwan kogi da shi. Ƙwayar kwalara na maƙalewa ne a jikin wasu ƙananan halittun ruwa, ƙyallen kuma na tare su. Masu kamuwa da cutar suka ragu da kashi 48 cikin ɗari. Tsohon zane ya fi sabo aiki, don wanki ya riga ya matse ramukan saƙarsa.

Shi kuwa na siliki idan ya kece ta yadda ba ya gyaruwa, akwai 'yan kasuwa a Chennai da wasu birane da ke sayen sa don zarin kawai. Su gwada, su auna, su ƙona, su fitar da azurfar. Iyalai da yawa sun gwammace su kai wa tela ya fitar wa ƙaramar jika siket daga inda bai lalace ba.

Masaƙa da jikokin zamani

Zanen da kaka ta saya a ƙuruciyarta yana ƙara wuyar samu. Ƙidayar masaƙan hannu da gwamnatin Indiya ta yi a 2009 zuwa 2010 ta samu ma'aikata kimanin miliyan 4.3. Ta 2019 zuwa 2020 ta samu miliyan 3.5, kusan kashi 72 cikin ɗari mata. Injinan Surat na fitar da kwaikwayon Banarasi da Kanchipuram da zaren roba cikin sa'o'i, a sayar da shi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, azurfa kuma kullum tsada take ƙarawa. 'Ya'yan masaƙa da yawa sun gwammace tuƙin a-daidaita-sahu ko aikin kanti. Hukuma ta yi rajistar sunayen don kare su, Kanchipuram a tsakiyar shekarun 2000, Banarasi a 2009, ta kuma ware 7 ga Agusta tun daga 2015 a matsayin ranar saƙar hannu, don tunawa da ranar da aka ƙaddamar da yunƙurin sayen kayan gida a Kolkata a 1905.

A birane kuwa sari ya ja baya daga suturar yau da kullum. Riga da wando na salwar kamis da kayan Turawa sun fi sauƙin hawa babur da shiga jirgin ƙasa. Amma bai fita ba. A 2015 wasu ƙawaye biyu a birnin Bengaluru, Ally Matthan da Anju Maudgal Kadam, suka yi alkawarin ɗaura sari sau ɗari kafin shekara ta ƙare, suna ba da labarin kowanne. Dubban mata suka bi sahu, kuma labaran da suka fi yawa na zannuwan iyaye da kakanni ne. A 2023 gidan adana zane-zane na Design Museum da ke Landan ya shirya baje koli na musamman a kan sababbin salon sari. Yau akwai masu ɗaura shi da takalmin gudu, akwai masu ɗora masa bel, akwai wanda aka riga aka ɗinke ninkinsa, sai dai a zura kamar siket. Kakanni da yawa kan taɓe baki idan sun gani. Jikokin da ke Amurka ko Ingila ko Dubai kuma ta kiran bidiyo suke karɓar darasin, waya jingine da madubi, tsohuwa daga can tana cewa a ƙara ɗaga hagu.

A gidan Chennai, yarinya takan dawo daga walima da yamma, takalmi a hannu, ninki ya karkace, jela ta sha hoto. Kaka za ta karɓi zanen ta duba bakinsa na ƙasa ko an taka, ta duba inda fil ya shiga. Ba za a jiƙa shi a ruwa ba. Za a shanya shi a inuwa ya sha iska kwana ɗaya, domin rana na cin launin siliki. Washegari sai ta kira jikar su kama shi biyu, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, ta nuna mata yadda ake sauya layin ninki, saboda idan zari ya daɗe a karye a wuri ɗaya nan yake tsagewa. Bayan wata uku ko huɗu za a sake fito da shi a sauya. Su mayar da shi cikin farin ƙyallensa, a zuba sabon ganyen darbejiya, kaka ta murɗa makulli ta mayar ƙugunta, jika kuma ta riga ta ɗora ido a kan koren da za ta nema ranar bikin Diwali.